Baƙar Riga a Ƙofar Ɗakin Washi

"Baba, ko dai ka ci dankalin nan, ko ka faɗi abin da ke bakinka. Tun ɗazu kake juya cokali."

Keziah ce ta faɗa wa mahaifinta haka, Enoch Tredwell, ranar Lahadi bayan an taso coci. Su biyu ne kaɗai a teburin, don mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Enoch ya ajiye cokalin ya yi gyaran murya.

"Jabez Purslow ya tare ni a ƙofar coci. Wai yana son ki."

"Ai ba wai ba ne, Baba. Ni na ce ya tare ka."

"To ni kuma na ce a'a."

"Ɓarawo ne? Malalaci ne?"

"Mai washi ne, Keziah. Tun da kike a garin nan, kin taɓa ganin mai washi da furfura?"

Ba ta taɓa gani ba, kuma babu wanda ya taɓa gani a duk garin Redditch.

Sana'ar gidan Tredwell, wato yin allura, a kicin ɗin nan da suke zaune ta faro. Kakan Keziah yana yanka waya a bakin murhu, matarsa na huda kafar allura da hannu har idonta ya mutu, shi kuma ya zuba a jaka ya taka kasuwa da ƙafa. Da Enoch ya gaje shi, sai ya kama tsohon ɗakin niƙa a bakin rafi, inda ruwa ke juya babbar taya, taya ke juya duwatsu. Ya ɗauki masu miƙar da waya a wuta, da mata masu huda, da masu wanke allura har ta yi ƙyalli. Amma duk cikinsu mai washi ne sarki. Shi ne zai zauna gaban dutse da dunƙulen waya tsakanin tafukansa, yana murzawa, tartsatsi na tashi, har kowace ta yi tsini. Ƙurar dutse da ta ƙarfe kuwa ba ta da wurin zuwa sai ƙirjinsa. Albashinsa ya ninka na kowa, kuma kafin ya kai arba'in an kai shi makwanci. Haka muka taso muka gani, har muka daina ganin abin a matsayin abin mamaki.

Masu washin Enoch duk 'yan gidan Purslow ne, shugabansu Silas, ƙanin mahaifin Jabez. Shi ya riƙe yaron tun ranar da tari ya ɗauke yayansa, shi ya koya masa riƙon waya.

Abin haushin shi ne, maganin yana nan a tsakar gida. Tun bara Enoch ya sayo fanka, wani akwatin katako mai bututu da ake haɗawa a bayan dutse ya zuƙe ƙurar ya fitar waje. Silas ya zagaya ta sau ɗaya ya tofar da yawu. Ya ce ranar da aikin nan ya daina kisa, ko mai kiwon alade zai iya zama a gaban dutse, kuma kuɗin mai kiwon alade za a biya su. Masu washin suka ce in an haɗa ta, za su ajiye aiki. Tun daga nan fankar take jingine a bango, kaji na yin ƙwai a ciki.

"In yaron ya yarda ya zauna gaban dutse mai fanka, gobe ma a ɗaura," in ji Enoch.

"Kuma Silas ƙarya yake? In an haɗa, za ka rage musu albashi?"

Enoch ya koma juya cokali. "Kaɗan."

"Kaɗan," Keziah ta maimaita, ta kwashe kwanukan da ƙarfi. "Kai kana tsoron aljihunka, su suna tsoron nasu, ni kuma sai in zauna a tsakiya in tsufa."

Washegari ta tare Jabez a bakin rafi lokacin cin abinci. Dogo ne mai fara'a, ya ja hankicin da yake ɗaure bakinsa da shi ƙasa, inda bakin ya tsaya ya yi baƙi ƙirin. Yana gatsar burodi da cuku, yana kora da giya, wai tana wanke maƙogwaro.

"Kezi, ki gane mana. Baffa ne ya riƙe ni. In na haɗa abin nan na ci amanarsa, na ci ta kowane mai washi a garin nan. Ina zan sa fuskata a gidan giya?"

"Fuskarka ta dame ka. Huhunka fa?"

"Ni ai ƙarfi gare ni. Ko tari ba na yi."

"Babanka ma ba da tari aka haife shi ba."

Ya ɓata rai, ita ma ta ɓata. Ta juya ta tafi tana jin kamar ta tura shi cikin rafin, ga shi kuma duk duniya babu wanda take so kamarsa.

Sai ta ce bari ta je wajen mahaifiyarsa, Dorcas. A ganinta, matar da ta binne miji saboda ƙurar nan ita ce za ta fi kowa goyon bayanta. Dorcas ta karɓe ta hannu biyu, ta zuba mata shayi, ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta ce:

"'Yata, in akwatin katako zai iya hana mutuwar nan, kina nufin mijina a banza ya mutu ke nan? Kada ki ƙara faɗa mini haka. Allah ne ke kashewa, ba dutse ba."

Ta tashi ta buɗe akwatinta ta ɗauko ƙunshi biyu. Ɗaya yadi ne mai ruwan sararin sama, na ranar aure. Ɗayan baƙi ne.

"Haka muke yi a gidan Purslow. Surukata ta ba ni, ita ma tata ta ba ta. Amarya takan ɗinka duka biyun tun idonta na gani da kyau, don ranar da za ki buƙaci baƙar, hannunki ba zai iya riƙe allura ba. Ba mugun fata ba ne, tanadi ne."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, har tana shafa yadin tana yaba kaurinsa. Keziah ta karɓa ta yi godiya. Sai da ta fita ta yi kuka, kukan takaici, tun daga ƙofar Dorcas har gida. Tana isa ta jefa yadin auren cikin akwati ta rufe. Baƙin kuwa ta shimfiɗa shi a tebur ta ɗauko almakashi.

Da safe masu washi suka iske ta zaune a kan kujera a ƙofar ɗakinsu, daga waje, inda iska ke kaɗa ƙura ta wani gefen. Baƙin yadi a cinyarta, tana ɗinki.

"Me ke nan?" Jabez ya tambaya.

"Rigar takabarka. Inna ce ta ce in yi tanadi. Da allurar da ka wasa nake yi, tsininta ya yi kyau, sannu da aiki."

"Ba a ma ɗaura ba, Kezi."

"Shi ya sa na fara da wadda na tabbata zan sa."

Silas ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya dafa bango. Da ya samu numfashi ya ce, "Bar ta, ɗana. Kafin Asabar ta gaji."

Ba ta gaji ba. Kullum in ta gama aikinta na jera allurai a takarda, sai ta ɗauko kujerarta. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, ba ta ƙara ambaton fanka ba. Tambayoyi kawai take yi, cikin ladabi.

"Jabez, ɗan leƙo. Wuyan nan ya yi, ko in ƙara ɗaga shi? Ka san ba za ka gan ni a ciki ba, gara in ji ra'ayinka tun yanzu."

Wata rana kuma: "In bar wuri a ƙugu? Ƙila lokacin ina da ciki. Innarka ta ce ita da cikin ƙanwarka ta sa tata."

Matan da ke huda allura, waɗanda rabinsu zawarawan masu washi ne, da farko dariya suke yi ta taga. Daga baya suka daina. Enoch ya ce tana zubar masa da mutunci a gaban ma'aikata, ta tashi ta koma gida.

"Ka yi alkawarin ba za ka taɓa albashinsu ba, Baba, sai in tashi."

"Kin san nawa na sayi fankar nan?"

"Na san kaji na jin daɗinta."

Ya tafi yana gunaguni. Jabez kuwa ya daina cin abinci a bakin rafi, ya daina dariya. Sau biyu yana ɓata dunƙulen waya guda, abin da bai taɓa yi ba, don idonsa na kan ƙofa. Ranar nan ya fito a fusace ya ce ta zaɓa, ko ta daina wannan wasan, ko a fasa maganar auren.

"Ba wasa nake ba," ta ce, hawaye na zubo mata, hannunta bai tsaya ba. "Ko ka aure ni ko ka fasa, ni zan sa ta. Son da nake maka ba ya jiran fasto."

Ya tsaya yana kallonta, sannan ya koma ciki.

Lokacin da ganye ya fara zuba rigar ta kammala. Keziah ta sa ta, ta ɗaure gashinta da baƙin ƙyalle, ta tako tsakar gida da rana tsaka. Daidai lokacin Dorcas ta kawo wa ɗanta abinci. Tana ɗaga kai ta ga mace cikin baƙi tsaye a ƙofar ɗakin washi, ga ƙarar dutse, ga tarin Silas na fitowa daga ciki. Kwandon ya suɓuce mata. A wannan ƙofar ita ma ta taɓa tsayawa, cikin irin wannan rigar, ranar da ta zo karɓar hular mijinta.

"Cire," ta ce. "Don Allah cire ta, 'yata. Ɗana na da rai."

"Ke kika ba ni yadin, Inna."

Dorcas ta wuce ta ta shiga ɗakin, inda mace ba ta shiga, ƙura ta turnuƙe ta. Ta kama Jabez ta kafaɗa.

"Na ba dutsen nan miji. Ban ce komai ba, don an ce mini babu makawa. Tashi ka ɗauko akwatin nan."

Silas ya tsayar da aikinsa. "Dorcas, kin san abin da kike yi? Abincin 'ya'yanmu za ki zubar."

"Wa zai ci abincin, Silas? Dubi hankicinka."

Kowa ya duba. Ba baƙi kaɗai ke jikinsa ba, har da ja. Silas ya dunƙule shi ya cusa a aljihu.

Jabez ya miƙe. "Baffa, ka yafe mini. Kai ka koya mini komai, amma wannan ba zan koya ba." Ya fita ya kori kaji, ya kinkimo fankar shi kaɗai.

Enoch na tsaye a tsakar gida, duk ma'aikata sun zuba masa ido, 'yarsa kuma na gabansa cikin baƙi. Ya cire hula ya sosa kai.

"To, na ji. Muddin ina raye ba zan taɓa albashin ɗan Purslow ba. Ke kuma je ki cire abin nan, kina tayar mini da hankali."

Kada a ɗauka komai ya tafi sumul. Masu washin sauran gidaje sun daina gaisawa da Jabez, har tagarsa aka fasa. Silas bai zo ɗaurin auren ba, kuma bai taɓa yarda an haɗa wa dutsensa bututu ba. Kafin sanyi ya wuce ya kwanta. Jabez ne ya yi jinyarsa, ko da yake har ya cika bai ce ya yafe ba. A jana'izarsa Keziah ta sa baƙar rigar, sannan ta ninke ta ta kai ƙasan akwati.

Shekaru suka tafi. Ɗaya bayan ɗaya gidajen allura suka haɗa fanka, waɗanda suka fasa tagar ma suka zauna a gabanta ba kunya. Enoch ya tsufa ya miƙa wa surukinsa ragama, aka sake rubuta allon ƙofa da sunayen gidajen biyu. Mai haƙuri, in ji masu magana, shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Sai dai haƙuri iri biyu ne, kuma yara su lura. Akwai na Dorcas, na naɗe hannu a kira abin da mutum ya jawo ƙaddara. Akwai na Keziah, wanda ba ya zagi, ba ya fita daga ladabi, amma ba ya tashi daga ƙofa sai an gyara. Kuma ba duk abin da aka gada ne ya cancanci a bar wa 'ya'ya ba.

Wata Lahadi suna cin abinci, jikoki sun cika teburin, Dorcas da ta tsufa tukuf ta ce wa Jabez ya sunkuyo, wai zare ya maƙale masa a kai. Ta ja, ya ce wash. Ta kai abin kusa da idonta ta daɗe tana dubawa, sai ta fashe da kuka.

"Lafiya, Inna?" Keziah ta tambaya.

"Furfura ce. Ban taɓa ganin ta a kan namijin gidan Purslow ba."

Da yamma babbar 'yar Keziah, wadda aka sa wa ranar aure, tana binciken akwati ta ci karo da baƙar rigar. Asu ya cinye hannu ɗaya. Ta tambaya ko ita ma za a saya mata baƙin yadi, kamar yadda ta ji ana yi a gidan da.

"A'a," in ji Keziah. "Yanka wannan ki goge fanka da ita."