Kogon da Inji Ya Cinye

Magariba ta kawo jiki, Mai Tarakta na zaune a tsakar gida yana karkaɗe ɓarɓashin itace daga gashinsa, sai ya lura gidan ya yi tsit. Shiru kuwa ba halin gidansa ba ne. 'Yarsa tilo, wadda ake kira Rediyo saboda surutu, ita ke tarbarsa tun daga ƙofa da labarin makaranta. Ƙarar inji ta riga ta cinye masa rabin ji, muryarta kaɗai ke shiga kunnensa ba sai an maimaita ba. Yau tana tsugune a jikin bango, ta ƙura wa takalminsa ido.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ƙwas! Wani ya biyo baya. Matarsa ta haska fitila. Ba duwatsu ba ne, gutsattsarin ɗanyen itace ne.

Injin niƙa itace ne mafarin abin. Da ya je saye, mai shago ya tambaye shi ƙarfin taraktarsa da kaurin itacen da yake aiki da shi, ya nuna masa ƙarami, na rassa, wanda ake tura wa da hannu. Ina! Mutumin naku idonsa na kan babban, mai jan itace da kansa, mai haɗiye gungume kaurin cinya. Ya ɗaura shi a bayan tarakta, ya haɗa sandar da ke juya shi, ya wasa wuƙaƙensa, ya daina sa riga mai faɗin hannu. Duk ƙa'idar mai shago ya kiyaye. Ta mahaifinsa ce kawai ya watsar. Tsohon in ya kayar da bishiya, barin ta yake yi kwance na kwanaki, duk abin da ke cikinta ya tattara ya fita. Shi kuwa abin fahariyarsa ke nan: bishiyar da ya sare da hantsi, kafin la'asar ta koma buhuna.

A ranar da gidan ya yi tsit ɗin nan, wata tsohuwar bishiya mai kogo ya kayar a gonar wani. Da ya zura reshen da kogon ya bi ta cikinsa, injin ya shaƙe, ya yi wani irin kuka. Ga ƙarfen da ake bugawa ya maido da itace baya, dab da hannunsa. Bai taɓa shi ba, wuta ya ƙara.

Tun daga nan kowace magariba sai itace ya zubo a kan rufin. In yarinyar ta buɗe baki, maimakon magana sai gurnanin inji ya fito, har kofuna na rawa a kan tebur. Asibiti suka duba, ba su ga komai ba. Ta rame, uwar ta rame.

"Maigida, ka nemo malami," in ji matarsa. "Yarinyar nan tafiya take yi muna kallo."

Malamin da ya zo dattijo ne marar hayaniya. Ya zauna gabanta ya yi ta karatu har duhu ya fara sauka. Can gurnanin ya tsaya, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ka daina ƙona ni. Ba ni na fara ba."

"Me ya haɗa ki da ita?" in ji Malam.

"Tambayi ubanta. Da gatari ne, da mun ji sara mun fita. Ɗana na cikin reshen. Ya yi masa ihu, ya ji, ya ƙara wuta."

 Wallahi Mai Tarakta ya ji ihun. Ya durƙusa ya ce, "Ki ɗauke ni. Ki ɗauki injin, da taraktar."

"In yi me da ƙarfe? Rai ya tafi, rai zan ɗauka."

Malam ya ɗaga murya da karatu, ita tana ihu, yana jiƙe sharkaf da gumi. Da ƙyar ta sauko daga batun ɗaukar rai.

"To, zan bar jikinta. Amma gidana ya yi shiru, nasa ma sai ya yi. Muryarta zan tafi da ita. Ya dasa min bishiya inda ya sare. Ranar da ta yi kogo, in maido."

"Ranar da ta yi inuwa dai," in ji Malam.

"Kogo na ce."

Yarinyar ta yi atishawa, ta zube. Da ta farka ta gane kowa, ta ci abinci, ta buɗe baki, babu ko sauti. A ƙofa Malam ya ce wa Mai Tarakta, "Iyakar abin da na iya ke nan. Ka yi haƙuri." Kowa kuwa ya san bishiya ba ta kogo sai ta tsufa.

Mai Tarakta ya lulluɓe injin da tampol, tsatsa ta kama shi. Ya roƙi mai gonar, ya dasa. Kullum da yamma yana can da jarkar ruwa, yarinyar na biye da shi, yana auna kaurin dashen da ɗan yatsa. Wata rana baƙin ciki ya ishe shi, ya zaro ƙusa daga aljihu zai huda ɗan itacen da kansa. Ta riƙe hannunsa, ta girgiza kai.

Leɓɓanta suka motsa, suka ce Baba. Shi kuma, don sabo, ya sunkuya ya miƙa mata kunnensa mai ɗan ji.