Maiƙo a Hannun Adawiyya

Da la'asar sakaliya Kawu Hamid ya tsayar da katkat ɗinsa, motar shiga daji, a ƙofar gidansu a Dakoro, Adawiyya ta fito rungume da akwatin na'urarta. Ƙanen innarta ne, dillalin dabbobi, babu hanyar dajin da bai sani ba tsakanin Dakoro da Korahane. Shi ya sa ta roƙe shi ya kai ta.

Adawiyya ɗalibar ilimin taurari ce a wata jami'a ta ƙasar waje. Bincikenta a kan ƙurar nan ne da ke shawagi tsakanin taurari, wadda a cikinta sababbin taurari ke kunno kai. Ido ba ya ganinta, sai dai kamar baƙin tabo a sararin sama. Amma tana fitar da ɗumi, kuma akwai hasken ɗumi da malamanta ke kira infararuj, wanda na'ura ke iya kamawa. Da za ta zo hutu bayan damina, malaminta ya ba ta wata kamara mai ganin wannan haske, ya ce ta auno musu sararin garinsu, a ga ko ya dace a kafa babban madubin duba taurari a can wata rana. Tudu take nema, nesa da fitilun gari.

"Wato ke ɗumin abu kike kallo, ba abin ba," in ji Kawu, yana kauce wa wani rami.

"Haka ne, Kawu. Duk abin da ke da zafi, fari yake fitowa a allon."

Ya yi dariya, ya ce ashe har sama ma ba ta tsira daga ƙura ba.

Sun bar hanyar Korahane, suka kutsa cikin ciyawa, har suka iske wani tudun rairayi da wata busasshiyar aduwa a gindinsa. Rana ta yi ja, tana gab da nutsewa. Kawu ya ɗauki buta ya zaga bayan mota don alwala. Ita kuwa ta saɓa akwatin ta hau tudun, don na'urar sai ta ɗan huce kafin taurari su fito.

A saman tudun ta tarar da ƙasusuwa. Na shanu ne da raƙuma, farare fat, wasu sun nutse cikin rairayi, irin waɗanda shekarun fari ke bari a daji. Ba ta damu ba. Ta buɗe ƙafafun ƙarfen da kamarar ke zama a kai, sai wani dogon ƙashin cinya ya tokare ɗaya. Ta sa hannun dama ta ɗauke shi, ta wurga shi gangaren yamma.

Nan take ta yamutsa fuska. Ƙashin a ido busasshe ne ƙayau, amma tafin hannunta ya yi danƙo, kamar ta damƙi kitse. Ta goga a rairayi. Ta goga a zane. Maiƙon yana nan.

Sai warin ya iso.

Ta san warin mushe, ta tashi kusa da kasuwar dabbobi. Wannan ya wuce nan. Warin tumbi ne da aka farke aka bar shi ya kwana a rana, gauraye da wani zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya. Ta ja gyale ta toshe hanci. Ta duba ko'ina, babu gawar komai. Ko ƙuda ɗaya babu.

Ta ce a ranta ta gwada na'urar ta gama, su canza wuri. Ta kunna, ta karkata kamarar ƙasa. Ga injin mota, fari tas a allon. Ga Kawu ya tayar da sallar magariba, shi ma fari. Ta juyo da ita a hankali zuwa ga ƙasusuwan.

Allon ya cika da fari.

Ta ɗaga ido. Ƙasusuwa, rairayi, ciyawa.

Ta mayar da ido kan allon. Wasu halittu ne, a tsugunne, sun yi da'ira kamar masu cin tuwo a akushi ɗaya. Sun fi injin motar zafi. Wuyansu dogo, bayansu a ƙage, gwiwoyinsu sun wuce kawunansu. Kuma a allon ƙasusuwan ba tsirara suke ba. Nama ne jibge a kansu, ya kumbura, yana motsi da kansa saboda abin da ke yawo a cikinsa.

Ɗaya ya cusa kai cikin haƙarƙarin saniya har wuya, ya zaro wani abu mai tsawo yana zuƙa. Na kusa da shi ya amayo abin da ya ci a tafin hannu, ya shinshina, ya miƙa wa wani. Wancan ya karɓa ya lashe.

Adawiyya ta ƙura wa allon ido. Yanzu kunnenta ma ya fara ji. Tsotsar ɓargo. Taunar guringuntsi. Wata gyatsa mai tsawo.

Can sai wani daga cikinsu ya shiga laluben rairayi, daidai ramin da ta cire ƙashin. Ya laluba, ya sake lalubawa. Ya sa hanci. Ya ɗago kai, ya juyo wajenta.

Ya taso da rarrafe. Ya yi girma a allon, ya yi girma, sannan ya fice daga gefensa.

Ciyawar da ke gabanta ta kwanta.

Wani huci mai zafi ya sauka a wuyan hannunta.

Harshe ne. Mai kaushi kamar na saniya, mai zafi kamar ruwan wanka. Ya fara daga tafin hannu. Ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga ƙarƙashin farce. Tana kallon hannun nata, babu komai a kansa, sai wani yawu mai yauƙi da ke tsiyaya daga gwiwar hannu zuwa rairayi.

Ta shiga addu'a a zuci.

"Ɗiyata." Muryar Kawu ce a bayanta, ƙasa-ƙasa, ta cikin rawani. "Wannan wari fa? Mi ya samu hannunki?"

"Kada ka matso, Kawu."

Ya leƙa allon. Shi ma ya gan su.

Harshen ya gama da maiƙon. Sai ta ji haƙora sun kama ɗan yatsanta, a hankali, kamar mai gwada nunar nama.

"Ƙashi na ɗauke musu," ta ce da raɗa. "Yana gangaren yamma. Ka maido shi. Kada ka taɓa da hannu."

Ta ji saukarsa, rairayi na zubewa. Haƙoran suka ƙara nutsewa. Wani abu kuma ya fara shinshinar ƙafarta. Wani ya taɓa gefen zanenta, inda ta goga hannu, ya fara tsotsa.

Kawu ya dawo da ƙashin naɗe cikin rawaninsa, yana kakarin amai. Ya yi bisimilla, ya cilla shi cikin ramin har da rawanin.

Haƙoran suka saki.

Rawanin ya shiga motsi a ƙasa, ana ja ta ko'ina, yana yagewa.

Kawu ya fizgi hannunta na hagu. Suka gangara suna faɗuwa suna tashi. Ba wanda ya waiwayi kamarar. Motar ta tashi, warin ya biyo su, wani abu yana goga jiki a ƙofar da take zaune har suka hau hanya. Sai da fitilun Dakoro suka bayyana ya tsaya, su duka biyu suka durƙusa a bakin hanya suna amai.

Washegari Kawu ya koma da mutane da rana tsaka. Sun sami kamarar a tsaye inda take, yauƙi ya bushe a jikinta kamar an shafe ta da ƙaro. Ba wanda ya yarda ya sa ta a mota. Adawiyya ta sanar da malaminta cewa na'urar ta lalace, kuma tudun bai dace ba.

Ciwon yatsan ya warke. An yi mata addu'o'i, an wanke hannun da sabulu, da toka, da ruwan magarya, warin ya tafi. Amma ranar da ta fara zama cin tuwo da 'yan gidansu, kafin a kai rabin kwano gefen da take ci ya yi tsami, ya fara yauƙi. Kowa ya janye hannu.

Tun daga ranar Inna ke zuba mata nata daban, da cokali a kai. Ta koma jami'a ta ci gaba da bincikenta, ta kuma ƙware a kai. In ta zo hutu, 'ya'yan ƙannenta kan rugo su tarbe ta, ita kuwa sai ta ɓoye hannun dama a bayanta, ta shafa kawunansu da hagu. Dangin da ba su san labarin ba suna cewa zaman Turai ya ɓata mata tarbiyya. Inna tana ji, ba ta taɓa gyara musu zancen ba.