Shekara Ashirin da Shida a Gindin Mangwaro

"Priskila, maimaita abin da kika ce... ban ji da kyau ba!"

"Ka ji ni sarai, Jonatan. Ba za a ɗaura mana aure ba sai an ɗaura na Baba da Mama a coci."

A ƙofar gidanmu muke tsaye, a Gangaren Tudu. Ya sauke ledar lemun da ya kawo mini daga Gitata a kan dakali, ya zuba mini ido kamar yau ya fara ganina.

"Haba zuciyata! Saura mako shida fa. Mamata ta gama shela a Gitata, har ankon ma an fitar..."

"To a ninke shi a ajiye, atamfa ba ta ruɓewa."

"Idan Baba ya ƙi fa?"

"Sai mu jira."

"Har yaushe?"

Ina son Jonatan, Allah ya sani, son da idan na ji ƙarar babur ɗinsa daga nesa sai na ƙone miya. Amma ni 'yar Malam Boaz malamin makaranta ce, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kai gadonsa na yi.

Ga yadda abin yake. A cocinmu na Katolika, wanda ya yi auren gargajiya kawai ba ya karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki, sai Fada, limamin cocin, ya albarkaci auren a gaban bagade. Baba ya biya sadakin Mama, dangi sun ci sun sha, amma ba su taɓa tsayawa gaban Fada ba. Shekara ashirin da shida ke nan.

Duk Lahadi Baba zai goge babur ɗinsa, ya ɗauko Mama har ƙofar coci, sannan ya koma gindin mangwaron da ke harabar ya buɗe jarida. Ko an yi ruwan sama ba ya shiga. Mama kuwa ita ce ta shara, ita ce ta waƙa a Zumuntar Mata, amma da an tashi karɓar Jibi sai ta janye ƙafafunta mutane su wuce. Tun ina ƙarama nake kallon wannan janye ƙafar, kuma tun ina ƙarama take ƙona mini rai. Na rantse ba zan karɓa a ranar aurena uwata tana zaune a benci ba.

Da na gaya wa Baba sharaɗina, ko ɗago kai bai yi ba.

"Aurenki ne, ba nawa ba. In kin ga dama ki tsufa a ɗakinki."

Na zaci Mama za ta rungume ni. Ina! A madafa ta tare ni, muciya a hannu.

"Wa ya aike ki?"

"Mama, don ke fa nake yi..."

"Don ni? Ni na ce ki mai da ni bulalar dukan mijina? Shekara nawa ina jan carbi a kan maganar nan, ban taɓa ɗaga masa murya ba, sai ke da kika zo jiya?"

Na shiga ɗaki na sha kukana. Mako biyu gidanmu ba mai dariya. Jonatan ya kira har ya gaji, ni kuma ina kallon wayar tana haske ina cije leɓe.

Lokacin azumin gabanin bikin Ista ne, kowace Asabar da yamma ana layin furta zunubi. Na durƙusa gaban Fada Natan na jero 'yan ƙananan laifuffukana, sannan na ɗora da ƙarar Baba, tiryan-tiryan.

"'Yata," in ji Fada, "zunubinki kika zo faɗa ko na babanki?"

Kunya ta rufe ni.

"Kin taɓa tambayarsa dalili?"

"A'a, Fada. Ai taurin kai ne kawai."

"Ruwa ba ya tsami banza. Ga aikin tubanki: ki je ki tambaye shi abin da ya fitar da shi daga coci. Ki zauna a ƙasa, kada ki ce uffan har ya gama."

Da ya ce in yi carbi ɗari da ya fi mini sauƙi.

Washegari da la'asar na sami Baba a tsakar gida yana wanke babur. Na zauna a ƙasa kusa da bokitin.

"Baba, me aka yi maka a coci?"

Ya daɗe yana matse tsumman da babu sauran ruwa a cikinsa.

"Kin san kakanki Malachi shi ne katikis, mai koyar da addini, maganarsa yanka ce. Ni ɗansa na fari, ni ke jan waƙa. Sai uwarki Caroline ta sami ciki kafin mu yi aure. Na san mun yi laifi, ban taɓa musu ba. Na ce masa za mu je wurin Fada mu tuba, a ɗaura. Ya ce a'a, ɗan katikis ya yi a ɓoye, dole ya biya a fili."

Ya ajiye tsumman.

"Ranar Lahadi, bayan an tashi Misa, Fada ya wuce wani ƙauye. Kakanki ya hana mutane fita. Ya kira mu gaba, ya ce uwarki ta durƙusa a siminti ta nemi gafarar jama'a. Cikinta wata bakwai, ƙafafunta a kumbure. Ta fara sunkuyawa... sai na ji dariya daga baya. Ba mutum ɗaya ba. Babu wanda ya ce a bari, ko mutum guda."

Ya goge fuska ya ci gaba.

"Na kama hannunta na ɗaga ta. Na ce matata da ɗana ba abin kallon kasuwa ba ne. Muka fita. Ita ta iya yafewa ta koma, ni ƙafata ta ƙi. Har kakanki ya rasu ba mu gyara ba."

Na manta da umarnin Fada.

"Baba... wane ciki ne?"

Ya kalle ni ya yi ɗan murmushi.

"Wanda ya zo ya kafa mini sharaɗi."

Wayyo Allah! Na kifa kaina a gwiwarsa ina kuka kamar yarinyar goye. Mutumin da nake jin kunyar zamansa a waje, ashe saboda ni ya fita. A ranar na ji alfahari da ubana irin wanda ban taɓa ji ba.

"Ka yafe mini, Baba. Na janye maganata, ko ka shiga ko kada ka shiga."

"Tashi, kina jiƙa mini wando. Ki je ki kira yaron nan. Lahadi biyu ke nan yana zuwa Misar safe, sannan ya dawo ya zauna kusa da ni har a tashi ta biyu. Bai taɓa ce mini komai ba, sai gyaɗa yake ɓare mini."

Da gudu na ɗauko waya.

"Jonatan... masoyina, ka yi haƙuri!"

"An sauko ke nan, ranki ya daɗe?"

"Me ya sa ba ka gaya mini kana zama da Baba ba?"

"Ta yaya zan gaya miki? Da wayar da ba a ɗauka?"

Muka yi dariya, ni tawa haɗe da hawaye.

Laraba muna addu'ar carbi ta unguwa a gidan Mama Anjelina, tsohuwar da ke shugabantar Zumuntar Mata. Ita ce kullum take zama kusa da Mama, ta ƙi tashi karɓar Jibi sai layi ya kusa ƙarewa, don kada a bar Mama ita kaɗai. Bayan an watse na tambaye ta ko ta san labarin.

Ta rufe fuska da gefen zaninta.

"Ina wurin, 'yata. Ban yi dariya ba, amma ban yi magana ba. Shekara da shekaru muna roƙon Allah ya tausasa zuciyar Boaz, ba mu taɓa tunanin mu ne ya kamata mu fara zuwa ba."

Ranar Lahadin da ake riƙe ganyen dabino, mako guda kafin Ista, aka tashi Misa amma mutane ba su nufi ƙofar fita ba. Mama Anjelina ce a gaba da sandarta, bayanta tsofaffi goma sha ɗaya, maza da mata, duk waɗanda suka rage cikin masu kallon ranar. Suka nufi gindin mangwaro. Baba ya sauke jarida.

Sai tsohuwar nan ta jingine sanda, ta dafa ƙasa, ta durƙusa. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyi suna ƙara.

"Mama Anjelina! Me ke nan? Don Allah ku tashi!"

"Ba za mu tashi ba, Boaz. Ranar nan an sa matarka durƙuso muna kallo. Yau namu ne."

Baba Yosiya, tsohon direba, ya ɗaga hannu yana kuka.

"Ni na fara dariyar, Malam. Ni ne. Na faɗa wa Fada tun tuni, amma kai ban taɓa faɗa maka ba. Ka yafe mini!"

Baba ya miƙe, jaridar ta zube. Ya duba hagu ya duba dama kamar mai neman hanyar gudu, sai idonsa ya faɗa kan Mama tana tsaye da ganyenta a ƙirji. Kawai sai ga shi a ƙasa shi ma, ya rungume Baba Yosiya, manyan mutane biyu suna kuka a cikin ƙura. Mata suka ɗauki waƙa a hankali. Na kalli jama'ar cocinmu na ce a raina, waɗannan mutanena ne, ba zan musanya su da kowa ba.

Talata da yamma Baba ya shiga wurin Fada Natan. Awa guda cur ya yi. Da ya dawo gida ya wuce kai tsaye madafa, ni kuwa na laɓe a bayan ƙofa, ban ɓoye muku ba.

"Caroline..."

"Na'am, Malam?"

"Za ki aure ni?"

Na ji Mama ta ajiye muciya. Sai ƙarar tafasar tukunya.

"Da furfurar taka?"

"Da ita."

"To ka je ka ga iyayena," in ji Mama. "Ni ba a samuna da arha."

Asabar ta biyu bayan Ista, amare biyu suka shiga coci. Ni da farar riga, Mama da leshi ruwan zuma, ɗaurin ɗankwalinta har yana taɓa kafaɗar Baba. Mutanen Gitata sun cika ɓangare guda da ankonsu. Da Fada ya tambayi Baba ko ya yarda, ya amsa da muryar da yake kiran sunayen ɗalibai, har aka yi tafi.

Lokacin Jibi ya yi. Fada ya nufo ni da Jonatan, don mu ne a farkon layi. Na ja da baya, Jonatan ma ya ja.

"Mama, ku fara."

Ta tako a hankali, Baba yana riƙe da gwiwar hannunta. Ta miƙa hannuwa amma ta rasa wanne ake ɗorawa a kan wanne, sai Baba ya gyara mata su da nasa hannun.

Fada ya ɗaga gurasar.

"Jikin Kristi."

"Amin!" in ji Mama.

Har bencin ƙarshe an ji ta.