Jan Farce a Kan Noti

Injiniya ne ya kashe motar nan, da hannunsa, kuma yana sane. Duk wanda ya ce tsautsayi ne, ƙarya yake yi.

Motar ta mahaifin Auta ce, ja, mai ƙofa biyu, irin ta tsere ta da. Tun da ya rasu take ajiye a garejin gidan Kawu, ƙaninsa, tana tashi amma ba ta da ƙarfi. Auta ta kai ta wurin Dogo makanike, ya kasa kunne ya ji kukanta sau ɗaya.

"Taimin ne ya yi latti. Bawul na buɗewa bayan lokaci ya wuce."

"Kamar kai ke nan," in ji ta. "Wata biyu ina zuwa nan, ba ka ce komai ba."

Sifanar hannunsa ta faɗi ƙasa.

Kwana huɗu ya yi yana gyaran, tana zaune a kan tsohuwar taya. Ya matsar da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, haƙori ɗaya, ya ɗaure bel, ya miƙo hannu.

"Hasken idona, ara min jan farcenki."

"Kwalliya za ka yi?"

"Notin da na ɗaure nake ɗiga wa. In wani ya kwance, zan gani."

Kawu bai so zancen aurensu ba. Ɗansa Injiniya, mai takardar makaranta da farar riga, ya daɗe da sa ido a kan Auta. Amma Kawu ya ce Dogo ya zo ranar Asabar, ya tayar da motar a gaban 'yan'uwa, a ga ko hannun nasa zai riƙe gida.

Bayan gyaran, motar ta kwana biyu a garejin gidan. Makullin garejin yana wurin Injiniya.

Ranar Asabar Dogo ya murɗa makulli. Injin ya yi wata ƙara kamar an zuba cokula a tukunya, ya tsaya. Bawul sun haɗu da fistin. Injin ya buga.

"Ka ga irinta ko, Baba?" in ji Injiniya. "Ɗan koyo ne."

Kawu ya nuna ƙofa. "Abin da ɗan'uwana ya bari ka kashe. Ita ma haka za ka yi mata. Fita."

Dogo ya leƙa cikin injin, ya daɗe. Sannan ya ɗago ya dubi Auta.

Ita kuwa ƙasa take kallo. Ba ta ce uffan ba.

Sai bayan mako guda ta ɗaga bonet da kanta. Jan farcen da ke kan notin ya tsage biyu, rabi nan, rabi can. Ta tafi garejin Dogo ko takalmi ba ta sa daidai ba. Ta same shi yana zuba sifanu a akwati.

"An kwance notin… Na gani."

"Tun ranar na gani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In tsaya a gidan mutum in ce ɗansa mugu ne? Ke nake jira ki ce, a'a, Dogo ba ya irin wannan aikin. Ko ba ki ga komai ba."

"Masoyina, tsoro na ji…"

"Na sani, Auta."

Tun da suka fara soyayya, bai taɓa kiranta da Auta ba sai ranar.

Ya samu aiki a wani kamfani mai nisa, ya tafi da safiyar Litinin. Ta kira, ya ɗauka, ya gaishe ta da ladabi kamar yayar abokinsa, ya tambayi mutanen gida. Daga nan ba ta sake kira ba.

Yau wata uku. Yarinya ta rame, tana shiga ɗaki tana fita kamar baƙuwa. Laifin shirun da ta yi, ta ɗauka, ba ta musa ba. Injiniya kuwa kullum yana falo da farar rigarsa, har yana aiko mata da turare. Kawu ya ga notin da idonsa, ya ce a rufa asiri, zumunci ne.

Ba za a rufa ba. Waɗanda aka tara ranar Asabar aka kunyata ɗan mutane a gabansu, a sake tara su, kowa a kujerarsa. A kira Injiniya ya tsaya, ya faɗa da bakinsa abin da ya kai shi garejin nan da sifana.