Tazara Biyu Bayan Aya

Saƙon Baba ya faɗo a allon wayar Rumasa'u da hantsi. Har ta kai ƙarshensa, sai idonta ya koma baya. Bayan kowace aya, tazara ɗaya ce.

Mahaifinta ya tsufa a kan tafireta a wata tsohuwar kotu. Ko da aka daina amfani da ita, babban yatsansa bai daina dukan dogon maɓalli sau biyu ba. Yakan ce jimla ma tana son ta numfasa.

Tun da cutar huhu ta shiga Sabuwar Katsina aka killace shi a asibitin da ke bayan katangar gilashi. Ba shiga, ba kira, sai rubutu. Domin marasa lafiyan da hannunsu ya gaza ne Rumasa'u da abokan aikinta suka ƙera Madadi, na'urar da ke haddace tsofaffin saƙonnin mutum, ta saurari raɗarsa, ta rubuta da salonsa. Kafin a ciyar da ita rubutu sai an tace shi, kuma Rumasa'u ce da hannunta ta sa matatar ta riƙa share tazara ta biyu a matsayin kuskure.

Ta koma kan saƙonnin baya tana dubawa. Tun kafin azumi tazarar ta zama ɗaya.

Ta sami shugabanta, Injiniya Sambo, yana shan shayi a ɗakin na'urori.

"Ranka ya daɗe, Madadi ke rubuta mini, ba Baba ba."

"To ai aikinta ke nan. Ko kin manta ke kika haife ta?"

"Ina so in ga abin da yake raɗa mata."

Ya ajiye kofin.

"Rumasa'u, hukuma ta ce idan aka sanar da kowace rasuwa, gari zai fasa katangar nan. Sai aka bar ta tana amsawa. An yi masa wanka, an yi masa salla, wallahi an yi."

Ranar ƙaramar Salla ta aika wa Baba hoton ɗinkinta, aka amsa da "Allah ya yi miki albarka, Uwata." Ta kwana tana murna.

"Amma ta yaya kika gane?" Muryarsa ta sauka, sai dai idonsa ya kawo haske irin na mai son aikinsa.

Ta nuna masa allon. Ya matso, ya ƙirga da farce.

"Kai! Ɗan wannan gurbin? Tsofaffi da yawa haka suke yi. Zauna ki gyara matatar, kada gobe wani ya shiga abin da kika shiga."

Ya jawo mata kujera, ya juya yana neman lambar shiga.

Allonta ya yi ƙara. "Uwata, kin yi shiru. Lafiya dai?"

Rumasa'u ta kife shi a kan tebur, ta zare katin aikinta daga wuya ta ɗora a kai. Ko da Sambo ya waiwayo, ƙofar ta gama rufe kanta.