Takardar da Na Zare wa Yayana

Ana cewa tsafi gaskiyar mai shi. Ni Ruƙayyatu ban yarda ba, don waɗanda suka biya tsafin mijina ba su taɓa taka ƙofar boka ba.

Zamanin Nasara ne. Yayana yana rubuta waƙoƙi da ajami a Wurno, amma in ya rera sai ka ce ana jan tsohuwar ƙofa. Mijina Halliru, amininsa tun suna yara, shi Allah ya ba murya. Yayana ya yi wata waƙa a kan shekarar da gulbi ya cinye gero, kuma kamar yadda mawaƙa ke yi, ya rufe ta da sunansa a baitin ƙarshe. Daga Wurno har Rabah babu wanda bai san mai ita ba.

Sai wani kamfanin majigi daga Ikko ya ji ta. Suka ce za su ɗora ta a majigi, su buga ta a faifai. Mai rerawa fam biyu, sau ɗaya. Wanda ya rubuta kuwa yana da kaso duk shekara. Tun ranar Halliru ya daina cin tuwo da daɗi.

Ya same ni ina tankaɗe, ya ce, “In kin tahi gidanku, zaro mani takardar ƙarshe ta waƙag ga. So nika in hardace ta da kyau.” Na zaro masa daga gafakar Yayana, ina ganin taimako na yi. Sauran labarin daga bakinsa na ji, bayan komai ya ƙare.

Goronyo ya nufa wurin wani boka, bayan gari, a wani tsohon karofi da marina suka gudu suka bari. Rana tsaka ya isa. Duk ramukan sun bushe sai ɗaya, cike da baba baƙi ƙirin, yana kumfa ba mai motsa shi. An kafa muciya a bakinsa, an rataye mata ƙahon bunsuru da tsumman likkafani. Ko ƙuda ba ya gilmawa. Bokan tsohon marini ne, hannuwansa shuɗaye har gwiwa.

“Mi kaka so?”

“So nika a mance wa ad da waƙag ga.”

Tsohon ya juya takardar. “Ramin ga yana cin suna. Amma suna ba ya tahiya shi kaɗai. Jinin da ka biye da shi ma sai ya bi.”

“Ba ya da ɗa ko guda.”

“Ban tambaye ka ba. Wa yaz zaro ta?”

“Matata.”

“To, ita za a bari. Hannun da yaɗ ɗauko, shi aka bari shi gani. Ka yarda?”

Halliru ya yi lissafi irin na maza, waɗanda ba su ƙirga jini sai ta wajen uba. Bai tuna cewa ’ya’yansa ’ya’yan ƙanwar mutumin ne ba. Ya ce ya yarda. Tsohon ya tsoma takardar sau uku, ta fito fara fat, ta narke a hannunsa.

Halliru ya rera waƙar ba baitin ƙarshe, ya dangwala yatsa a takardar kamfani a matsayin mai ita. Kuɗi suka zo. Ya sayi keke da garmaho, ya yi soro, ya sayi fadamar albasa. Ni ma na ɗaura zanen da ban taɓa mafarki ba, kuma na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba.

Yayana ya je ofishin kamfani a Sakkwato sau uku, a ƙasa. Akawu ya ce ya kawo shaida. Ya kai ƙara gaban alkali, ya kira dattawan da suka ji waƙar a zaurensa. Kowa ya sosa ƙeya ya ce lallai ya san waƙar, mai ita ne ya shige masa. Daga nan Yayana ya ce a kira ni, ƙanwarsa.

Alkali ya ce, “Wa yar rubuta ta?”

Na buɗe baki, ina kallonsa, na san shi ne, amma sunan ya ƙi zuwa. Yayana ya ce a hankali, “Har ke, Ruƙayya?” Ya ɗauki takalmansa ya fita. Bai ga damina ba, kuma ya mutu yana zaton sayar da shi na yi.

Bayan arba’in, ɗanmu Isa ya tashi da farata shuɗaye. Shuɗin ya hau hannu, ya kai wuya. A kira shi ba ya waiwaye, don bai san da shi ake ba. Kwana tara ya yi, ya cika. ’Yarmu Zuwaira, da ke goyon fari, ta ajiye jaririnta ta shiga bin mutane a kasuwa tana tambayar ko sun san ko ita wace ce. A gulbi aka tsamo ta. Jaririn bai kai yaye ba.

Halliru ya koma Goronyo da rarrafe. Tsohon ya ce magani ɗaya ne, a rera baitin ƙarshe a bakin ramin. Takardar ta narke, mai ita yana ƙasa, Halliru kuwa bai taɓa hardacewa ba. Kamfanin ma shekara biyu suka biya shi, suka ce yatsan da ya dangwala ya sallama musu waƙar har abada. Fadama ta tafi, soro ya rushe. Ranar da ya gaya mini gaskiya ban yi kuka ba, na dai tashi daga tabarmar da yake. A turun mahaukata ya ƙarasa, yana rera waƙar, in ya zo ƙarshe ya tsaya ya sake farawa.

Kai mai kwaɗayin gumin ɗan’uwanka, ka sani ramin da ka jefa haƙƙin wani ba ya ƙoshi da abin da ka kai masa, kuma ba kai zai fara ci ba. Ni shekara hamsin ke nan ina yi wa Yayana addu’a bayan kowace salla. Uwa ɗaya ta haife mu, a bayansa na yi wayo, amma in na ɗaga hannu sai dai in ce, ya Allah, Ka san wanda nake nufi.