Fatar da Aka Shanya

Doose na tsakar gida tana tankaɗen alabo sai ta ji salatin Hajiya Zuwairatu, uwar mijinta.

"Innalillahi! Wa ya shanya fatar nan a kan kwanon rufi? Wa?!"

Ta taso da murmushinta, ita a dole ta yi abin yabo. "Ni ne, Mama. Na gan shi a jiƙe cikin buhu, na ce zai yi funfuna."

Baiwar Allah! Ita ba Bahaushiya ba ce, kuma a Agyaragu inda ta tashi, duk abin da ya jiƙe rana ake kai shi, ko rogo ne ko barkono. Ba wanda ya gaya mata a gidan dukawa masu aikin fata da gangan ake jiƙa fata a nannaɗe, don ta yi laushi ta karɓi zane. Kuma wannan ce fata ta ƙarshe da marigayi Malam Ɗanliti, mijin Hajiya, ya jeme da hannunsa, ya yi wa amininsa na Keana alkawarin sirdi da ita, rai ya yi halinsa. Ɗansa Sadisu, mijin Doose, shi ya ɗauki cika alkawarin. Ga ta yanzu ta ƙandare kamar kilishi.

Sadisu na shigowa Hajiya ta tare shi da kuka. "Na ce ka auri 'yar gida wadda ta san sana'armu, ka ƙi! To sake ta yau!"

Ya durƙusa. "Hajiya, laifina ne da ban gaya mata ba."

"Au, kare ta kake yi? To ka ji: in fatar nan ba ta zama sirdi ba, matarka ta koma gidan ubanta!"

A ɗaki Doose ta ci kuka har ta gode Allah. "Sori, maigida, wallahi mistek ne."

"Na sani," in ji shi. "In ana yayyafa mata ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa da hannu, wataƙila ta dawo. Wataƙila fa na ce."

"Ni ne na ɓata, ni ne zan murza."

Haka ta duƙufa. Kullum in ta gama girki sai ta zauna a zaure tana murza. Ƙannen miji na wucewa suna habaici, "Sannu, sarkin shanya!" Ita dai sai ta ci gaba da murzarta. Da labari ya kai Agyaragu, yayanta Terlumun ya zo a fusace a kan mashin.

"Sista, kwashe kayanka mu tafi! Saboda fatan saniya za a wulaƙanta ka?"

"Broda, je ka gida. Ina son mijina, kuma aikin bai ƙare ba."

A hankali fata ta saki. Sadisu ya ɗaura ta a kan itacen sirdi, ya bi ta da ƙarfen zane yana fitar da irin adon mahaifinsa, ya shafa jan rini. Sirdi ya yi kyau, sai dai a gefen hagu akwai tsaga guda da ta ƙi ɓoyuwa. Ya ce zai rufe ta da ɗinki, Doose ta hana.

"A'a, bari Mama ya gani. Ba na so in zauna da ƙarya."

Ta haɗa kayanta a jaka ko da za a ce ta tafi, sannan suka kai sirdin gaban Hajiya. Tsohuwar ta shafa adon nan irin na mijinta, yatsanta ya tsaya cak a kan tsagar.

"Da tabo," in ji Hajiya. Ta ɗago. "Ke, miƙo hannunki."

Tafin duk ya saluɓe, yatsun sun kumbura. Hajiya ta daɗe tana kallo, kunya da tausayi suka rufe ta, hawaye ya zubo.

"Ni ina kukan fatar da ta mutu, ke kina kashe taki mai rai. Je ki kwance jakar nan, 'yata. Kai kuma Sadisu, nemo mata man kaɗe."

Wanda ya yi kuskure ya tsaya gyara shi da gaskiya da haƙuri, ya fi ƙarfin kora. Iyaye kuma a riƙa koya wa baƙuwa al'adar gida kafin a hukunta ta.